Kafin ku hau Chappal Waddi, ku ɗora jakarku a sikeli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu da sha'awar hawan duwatsu ta shiga ransu. Damina ta ɗauke, kuma na san daga yanzu har zuwa watan Maris za a yi ta haramar tafiya Mambilla. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Ni malamin labarin ƙasa ne a Jalingo, na daɗe ina zana wa ɗalibai Chappal Waddi a allo, ina gaya musu cewa shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a bakin iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti da aka kafa a 1991. Sau uku Allah ya ba ni ikon taka shi da ƙafata. Hawa na uku ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu bakwai muka tashi a watan Disambar bara, ciki har da ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 22 mai karatu a jami'a. Muka bi ta Bali da Serti, muka haura gangaren nan na Mayo Selbe mai yawan kwana, muka sauka a Nguroje. Shirinmu kwana uku ne a ƙafa, mu kwana biyu a daji. Da daddare na ɗaga jakar goyon yaron nan don in matsar da ita, sai na ji kamar an cika ta da duwatsu. Da safe na ja shi wurin wani mai awon hatsi, muka rataye ta a sikeli. Kilo 23. Shi kansa nauyinsa bai wuce kilo 62 ba. Na ce masa ya rage, ya ce, "Kawu, ai da ƙarfina, kada ka damu." Babura na jira, rana na ɗagawa, sai na ƙyale shi. Wannan ƙyalewar ita ce kuskurena, kuma har yau tana damuna.

Ga abin da ke cikin jakar, kamar yadda na gani daga baya: wandon jins uku, shadda ɗinkakkiya da hula don ɗaukar hoto a ƙololuwa, takalma ƙafa biyu ban da na ƙafarsa, babban tawul, sifikar jin waƙa, gwangwanayen kifi da na wake, kwalbar turare, da ruwan leda guda goma. Kowace leda rabin lita ce, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce cif, wato ruwan kaɗai kilo biyar ne, a ƙasar da ƙorama ke gudana kusan a kowane kwari. Babu abu ɗaya a ciki da za ka ce na banza ne idan a gida kake. Ɗaya bayan ɗaya ya saka su, kowanne yana cewa "ko da za a buƙata". Wannan "ko da" ita ke kashe gwiwar matafiyi.

Ranar farko, daga inda babur ya ajiye mu a wajen Njawai, ya yi ta gaba yana raha. Rana ta biyu muka tashi da asuba, raɓa ta kwanta a kan ciyawa har gwiwa, jins ɗinsa ya sha ruwa ya ƙara nauyi, ya ƙi bushewa. Tun kafin hantsi ya soma tsayawa duk bayan taku kaɗan. Ya kai ƙololuwa dai, da taimakon Allah, amma ko shaddar bai iya fitarwa ba. A saukowa abin ya faru. Mutane suna tsoron hawa, alhali gangara ce ke cin gwiwa, domin kowane taku nauyinka da na kayanka gaba ɗaya suke faɗowa a kan ƙafa guda. Ya taka wani dutse mai santsi, jakar ta rinjaye shi gefe, gwiwarsa ta hagu ta murɗe. Kafin la'asar ta kumbura kamar ƙwarya.

Mai yi mana jagora dattijo ne Bafulatani, ya zo da ɗansa wanda bai fi shekara 16 ba, yana ɗauke da tukunyarmu da tampol. Dattijon bai ce uffan ba. Ya tsuguna ya fizgi ciyawa, ya naɗe ta ya yi gammo, ya ɗora wa ɗansa a ka, sannan ya cicciɓi jakar nan ya aza masa a kan kayan da yake ɗauke da su tun farko. Ni ne a bayan yaron har muka isa masauki. Ina kallon jijiyoyin wuyansa sun miƙe, zufa na bin ƙeyarsa duk da sanyin da ake yi, takalmin robarsa na zamewa a kan laka yana dafa ƙasa da sanda. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da na ce a raba kayan, uban ya ce, "Malam, bar shi, ya saba." Mun raba dai daga baya, amma hoton wuyan yaron nan bai bar idona ba. Turare da sifika da shadda ne a kansa.

Abin da nake so matasanmu su gane ke nan. Duk abin da ka cusa a jaka, wani ne zai ɗauke shi. In ba gwiwarka ba, to kan ɗan wani ne. Rage kaya ba gayu ba ne irin na Turawa masu yawon buɗe ido, haƙƙi ne.

Masu wannan harka suna da ƙa'ida mai sauƙi: kada jakarka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 60 ya tsaya a 12, mai kilo 75 ya tsaya a 15, kuma da ruwa da abinci ake lissafin. Ɗan yayata ya ɗauki kusan ninki biyu na abin da ya kamace shi. Tawa jakar a wannan tafiya kilo 11 ce, ban kuma rasa komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka mako guda kafin tashi nake shimfiɗa tabarma in baje komai a kai, in ɗaga kowane abu in tambayi kaina ranar da zan yi amfani da shi da kuma lokacin. Wanda ban iya ba shi amsa ba, ya koma ɗaki. Sannan in goya jakar in yi tafiyar awa biyu da ita a cikin gari. Kafaɗa ba ta ƙarya.

Sutura kala biyu ta isa: ta tafiya, da ta barci wadda za ka ƙulle a leda kada ta ga ruwa ko kaɗan. Ka guji auduga mai kauri, domin tana shan zufa ta riƙe, iska ta buge ka sanyi ya shige ka. Irin rigar 'yan ƙwallo ta fi, ko a gwanjo za ka same ta, ka wanke a rafi ta bushe kafin ka gama shan shayi. Safa kuwa ka ɗauki uku, kada ka yi mata rowa. Takalmi ƙafa ɗaya, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da silifa mara nauyi don alwala. Sabon takalmi bororo yake kawowa, mai nauyi kuma yana gajiyarwa fiye da yadda ake zato, don nauyin da ke ƙafa sai ka ɗaga shi a kowane taku.

Amma a nan zan ja kunne, domin na ga wasu sun ji ana cewa a rage kaya sun tafi da riga ɗaya kamar masu zuwa kasuwa. Akwai abin da ba a bari. Duk mita dubu da ka haura, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Tsakanin Jalingo da kan dutsen nan akwai tazarar hawa ta kusan mita dubu biyu, ga iska, ga hunturu. Wanda ya baro gida yana fifita zai kwana haƙoransa na kaɗawa. Rigar sanyi mai kyau, hular sanyi, rigar ruwa, bargo ko jakar barcin nan mai zif, da abin shimfiɗa da zai raba ka da ƙasa, waɗannan ba a taɓa su. Haka tocila, ashana a cikin leda, bandeji, filasta, maganin ciwon jiki, da duk maganin da likita ya ɗora ka a kai. Bandejin da na ɗaure gwiwar yaron nan da shi bai kai nauyin kwalbar turarensa ba.

Ruwa kuma, gora biyu masu cin lita ɗaya-ɗaya sun wadatar, kana cikawa a hanya, mai jagora ya san inda ƙoramu suke. Sai dai shanu ma a nan suke sha, don haka kada garai-garai ɗin ruwan ya ruɗe ka. Ko ka jefa ƙwayar tsarkake ruwa ka jira rabin awa, ko ka tafasa. A ƙasa minti ɗaya yana tafasa ya isa, amma in ka haura mita 2,000 ka ba shi minti uku, saboda a can ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. Ka kuma riƙe gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ne haɗin da ke tsayar da mai gudawa a kan ƙafarsa.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne wajen guzuri. Mu da kakanninmu suka yi fatauci har Gwanja suna sayo goro, suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, yau mu ne ke ɗaukar gwangwani, wanda rabinsa ruwa ne da ƙarfe. Wace al'umma ce ta fi mu sanin abincin tafiya? Kilishi nama ne da aka raba shi da ruwansa. Ƙuli-ƙuli, dakuwa, soyayyar gyaɗa, dabino, garin kwaki, aya, duk busassu ne, ba sa lalacewa a kwana uku, ba sa neman wuta. Mai yana ba jiki ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da gari ke bayarwa in nauyinsu ɗaya, shi ya sa tafin hannu guda na gyaɗa ke riƙe mutum tsawon hantsi. Ni garin kwaki nake haɗawa da madarar gari da sukari da dakakken ƙuli tun daga gida, in ƙulla na kowace rana daban. Da dare a dafa abu mai zafi a tukunya ɗaya ta kowa da kowa. Mutum bakwai ba sa buƙatar tukunya bakwai, ko tanti bakwai, ko man goge baki bakwai. Ku zauna tare kafin tafiya ku raba wa juna.

Na leƙa kayan dattijon nan a daren ƙarshe, muna jin ɗumi. Bargo, ƙaramar buta, adda, ƙullin garin masara, ganyen shayi, carbi, sai sandarsa da malafa. Bargon shi ne mayafinsa, shi ne sallayarsa, in ya naɗe shi kuma matashi. Butar da ita yake alwala, da ita yake ɗebo ruwan shayi. Kowane abu nasa yana aiki biyu ko uku. Da muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, sai na tuna cewa addininmu ma ya rage wa matafiyi nauyi, raka'a huɗu ta koma biyu.

Akwai kuma maganar shara. Wanda ya gaji yakan soma zubar da kaya, kuma na ga ledojin ruwa da gwangwanaye a wuraren da in ban da makiyaya da namun daji ba mai bi. Wannan gandu shi ne mafi girma a ƙasar nan, gidan birai ne irin wanda ake kira chimpanzi, waɗanda suka yi ƙaranci a duniya. Saniya tana haɗiye leda ta mutu, kuma saniyar ta mutanen da suka karɓe mu ce. Abin da ka hau da shi, ka sauko da shi.

Roƙona biyu ne, ya Edita. Na farko ga shugabannin ƙungiyoyin matasa masu shirya irin wannan tafiya: ku sayi ƙaramin sikelin rataye, ku auna jakar kowa kafin a hau mota, ba a gindin dutse ba, kuma kada kunya ta hana ku cewa a rage, kamar yadda ta hana ni. Na biyu ga hukumomin da ke kula da gandun: a dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, doka ta hana a ɗora wa ɗan dako kayan baƙo fiye da kilo 20, kuma a bakin ƙofa ake aunawa kafin a shiga. Tun da masu zuwa Chappal Waddi suna ƙaruwa, ina ganin lokaci ya yi da za a sa irin wannan iyaka a nan, a kuma hana ɗora wa ƙananan yara kaya, a yanke ladan dako a fili kowa ya sani.

Ɗan yayata ya yi wata biyu yana ɗingishi kafin gwiwar ta saki. Ya ce zai sake komawa bana, kuma ya roƙe ni in nemo masa dattijon nan da ɗansa, yana so ya kai wa yaron takalmin tafiya mai kyau. Na ce masa to, amma sai ya kawo mini jakarsa gida mun auna tukuna. Ya kawo ta ranar Asabar da ta wuce, kilo 12 da ɗan ɗoriya.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Jalingo, Jihar Taraba.