Wa ya raɗa wa layinmu suna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani allon ƙarfe da muka wayi gari muka tarar an kafa a bakin layinmu. Za a ce maganar ƙarama ce. Ni ma da haka na ɗauke ta, sai da na bi sawunta har sakatariyar ƙaramar hukumarmu, sannan na ga inda ta nufa.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne a nan Kano. Na shiga aiki tun ana ce da mu P&T, kafin a raba mu a 1985, masu tarho su kama gabansu da sunan NITEL, mu kuma masu wasiƙa a ce mana NIPOST. Shekaruna na farko a kan keke na yi su, da jakar wasiƙu a baya. Saboda haka in ana maganar sunan titi da lambar gida, ba labari aka ba ni ba. Na sha riƙe ambulan da aka rubuta wa sunan titi tsaf da lamba, in yi ta zagaye har la'asar ban samu wanda ya taɓa jin sunan ba. Na kuma sha riƙe wadda aka rubuta "bayan masallacin Juma'a, gidan da ke da darbejiya a ƙofa", yaro ɗan shekara bakwai ya kai ni har zauren.

Layinmu yana ɗaya daga cikin unguwannin da suka tsiro a gefen birni lokacin da aka fara yanka gonaki ana sayar da filoti. Tun gidajen ba su kai goma ba ake ce masa Layin Ungozoma, saboda wata baiwar Allah da ta zauna a gida na uku daga bakin titi. Ba zan faɗi sunanta ba, don 'ya'yanta ba su san na rubuto ba. Kusan duk wanda aka haifa a layin nan da na bayansa, ita ta yanke masa cibiya, har da 'ya'yana huɗu. Tsakar dare ake buga mata ƙofa, ta ɗauko fitilarta ta fito, ko ana ruwa ko ana hunturu. Abin da na fi tuna ta da shi kuwa, ta san iyakarta. Da ta ga haihuwa ta zo da gardama, ba ta tsayawa jiƙe-jiƙe, ita da kanta za ta tasa maigidan a gaba ya nemo mota a tafi asibiti, in ya tsaya jan ƙafa ta wanke shi tas a gaban maƙwabta. Ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Sabulu da turmin atamfa in an samu, in ba a samu ba Allah ya raya. Yau shekara shida da rasuwarta, Allah ya ji ƙanta. Har gobe in ka ce wa ɗan adaidaita sahu Layin Ungozoma, ba zai tambaye ka ta ina ba.

Bayan rasuwarta muka zauna a ƙungiyar ci gaban unguwa muka ce bari mu nemi hukuma ta tabbatar da sunan a rubuce. Ni aka ɗora wa, wai ni na san takarda. Na rubuta, magidanta suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala, mai unguwa ya buga hatiminsa, dagaci ya sa albarka. Na kai sakatariya, aka karɓa, aka ce in dawo bayan mako biyu.

Da na koma, sai wani jami'i ya ce ai wannan ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, tunda muna cikin babban birnin jiha, in tafi ofishin jiha. Na tafi. A can aka duba taswira aka ce unguwarmu ai bayan gari ce, in koma ƙaramar hukuma. Daga baya wani lauya ɗan unguwarmu ya warware mini inda gizo ke saƙar. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa raɗa wa hanyoyi da tituna suna da ba gidaje lamba a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma akwai wata dokar soja ta 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ita kuma ta ce kuɗin rajistar sunan titi a babban birnin jiha na gwamnatin jiha ne, a sauran wurare na ƙaramar hukuma. To a gari irin Kano, wanda ya bazu a ƙananan hukumomi takwas, Birni da Kewaye da Fagge da Dala da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, ina babban birni ya tsaya? Wanda ba ya son yi maka aiki ya samu mafaka ke nan. Na yi zarya har na gaji, fayil ɗinmu ya shige inda fayil-fayil ke shigewa.

Kwatsam, bara bayan sallar layya, sai ga allo. Shuɗi, da farin rubutu, da tambarin ƙaramar hukuma a sama, ɗauke da sunan wani Alhaji da ba ya zaune a layin, bai taɓa zama ba. Yana da fili a can ƙarshe wanda ya zagaye da katanga. Ba ni da abin faɗa a kan mutumin, ban san shi da wani mugun hali ba, kuma gaskiya ya taɓa aiko da tifa biyu ta jar ƙasa aka zuba a wani rami da ke hana mu fita da damina. Allah ya saka masa. Amma ofishin da ya ce mini ba shi da hurumi, ashe yana da shi in wani ne ya zo.

Na koma sakatariya, wannan karon ba roƙo na je yi ba. Na ce a nuna mini dokar da aka bi. Shin akwai fom? Nawa ake biya? Ana tambayar mazauna layi? Kansiloli suna zama a kai, ko ciyaman ne kawai ke sa hannu? Malam Edita, ofis huɗu na shiga, ban samu mutum ɗaya da ya iya ɗauko mini takarda ya ce ga ta ba. Wani ya ce tana wurin magatakardan majalisa, shi kuma ya yi tafiya. Wani ya ce dokar tana nan amma da Turanci take, kamar wanda ya yi shekara talatin da biyar yana karanta adireshi zai tsorata da Turanci. Wani dattijon masinja ne ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ka daina wahalar da kanka, wanda ya biya shi ake rubutawa."

A nan ne maganar ta wuce ta allo. Wannan jadawalin da ya ba ƙaramar hukuma ikon raɗa suna, shi ya ba ta kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwata da maƙabartu da gidajen wanka da bahaya, da lasisin keke da baro da amalanke, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Wato duk abin da talaka ke taɓawa daga safe zuwa dare. Kowanne daga cikinsu ya kamata a ce akwai ƙaramar doka da kansiloli suka zauna suka yi, wadda ta faɗi abin da aka hana, da abin da za a biya, da wanda zai karɓa. To wa ya taɓa ganin ɗaya? Ɗan ƙanena yana da shagon cajin waya. A shekara guda an zo masa da rasit kala uku, kowanne da tambari, kowanne da adadinsa daban. Da ya tambayi wace doka ce, sai aka ɗauke masa benci. 'Yan ga-ruwan da ke tura kura a unguwarmu kullum sai sun yanki tikiti, ban taɓa jin wanda ya san ko kuɗin yana isa asusun hukuma ba. Ba na cewa kada a biya haraji. Zamanin En'e iyayenmu sun biya haraji da jangali, da wuya da daɗi, amma aƙalla mutum ya san adadin tun kafin dagaci ya iso, don an yi shela.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, an ƙirƙiro ƙananan hukumomin nan ne don a matso da mulki kusa da mu. Gyaran 1976 ne ya kawo su da wannan fasalin, aka fara da 301 a ƙasa baki ɗaya, yau suna 774, Kano kaɗai tana da 44 da mazaɓu 484. Kowace mazaɓa da kansilanta. Namu na san shi tun yana yaro, kuma, ikon Allah, marigayiyar ce ta yanke masa cibiya. Na tare shi bayan sallar Juma'a na tambaye shi ko maganar allon ta zo gabansu a majalisa. Ya sunkuyar da kai ya ce wallahi Baba shi ma a hanya ya gani. Na tambaye shi yaushe suke zama, kuma ko irina zai iya shiga ya saurara. Ya ce zai bincika. Ban ga laifinsa sosai ba, yaro ne mai ladabi, amma in mai yin doka bai san ranar zaman majalisarsa ba, mu da ake yi wa dokar fa?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ba kantomomi ba. Mutane sun yi ta murna, ni ma na yi. Sai dai duk muhawarar a kan kuɗi ta tsaya, wa zai karɓa, ta wane asusu. Ban ji ana tambayar ko majalisar kansiloli za ta fara zama a buɗe ba. In kuɗin ya zo ya tarar da ƙofar a rufe kamar yadda na same ta, gwamna kawai aka cire daga rabon.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Yulin 2025 an yi ta cece-kuce a Legas da hukumar yankin Bariga ta sauya sunayen wasu tituna da wata sananniyar tashar bas, har lauya Femi Falana ya fito ya soki yin hakan ba tare da jin ta bakin mazauna wurin ba. Su can sun samu manyan lauyoyi da gidajen talabijin. Mu sai wannan shafin naka.

Da masu kafa allo za su saurari tsohon mai raba wasiƙa, da na gaya musu abin da keke ya koya mini. Hukuma ta sa wa kasuwar Sabon Gari sunan Muhammadu Abubakar Rimi, kuma Kanawa suna ƙaunar Rimi, amma har yau kasuwar Sabon Gari ake cewa. Gidan Zoo sunan Audu Baƙo yake ɗauke da shi, asibitin Nasarawa kuma na Muhammadu Abdullahi Wase, sai a takarda kake ganinsu. Amma ka ce asibitin Murtala ko asibitin Malam, kowa ya gane, waɗannan sun zauna a baki. Bakin mutane shi ke zaɓar wanda zai riƙe, kuma ba ya karɓar rasit. Shiga cikin badala ka ji: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka sauka, Sharifai, Dukawa, Soron Ɗinki. Kowane suna yana gaya maka su wa suka zo, me suke yi. Haka Kano ta riƙa karrama baƙinta da masu sana'arta ɗaruruwan shekaru, babu fom, babu walima a otal. Layin Ungozoma ɗan wannan gidan ne.

Na ambaci otal ne don na ga irin bikin ba da lambar yabo da ake yi a ƙarshen shekara. A jera 'yan kwangila da masu riƙe da muƙami, a miƙa musu katako mai ƙyalli, a yi hoto a sa a Facebook. Ban taɓa ganin an kira masu haƙar kabari da ke kwana a maƙabarta fisabilillahi ba, ko 'yan sintirin da ke hana idonsu barci, ko samarin da ke yashe magudanar ruwa da aikin gayya kafin damina. Aikin ƙaramar hukuma suke yi mata kyauta, ko sannu.

Roƙona ga ciyamomi da kansilolinmu ba mai tsada ba ne. Duk dokar da kuka yi, ku fassara ta da Hausa, ku liƙa a ƙofar sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci, da jerin kuɗin da ake biya, a karanta ta a rediyo kamar yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure. Ku faɗi ranar zamanku, ku ajiye benci biyu a baya don masu son saurare. Sunan titi kuma kada a kafa allo sai an liƙa sanarwa a layin na wata guda, an ji ta bakin mai unguwa da magidanta, da matan layin ma, don su suka fi kowa sanin wanda ya yi musu rana. Inda mutane suka riga suka raɗa suna, a fara da shi. Gwamnatin jiha ita ma ta taimaka ta fayyace wane ofishi ne ke da wannan aiki a ƙananan hukumomin cikin birni, a huta da aika tsofaffi yawo.

Wasu samarinmu sun so su tumɓuke allon da dare, muka hana su, don kayan hukuma ne kuma ba ma son abin da zai kai yaran mutane ofishin 'yan sanda. Mun sake rubuta takarda, wannan karon kwafi uku, kuma na sa an buga mini hatimin karɓa a kan nawa, abin da ban yi ba a karon farko. Kansilanmu ya yi alkawarin gabatar da ita a zamansu na gaba, in ya gano ranar. Na gaya masa zan zo da kujerata.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin gidan waya,
Layin Ungozoma, Kano.