Zuwa ga Uwata, Kan Biyar da Bakwai

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da 'yan ɗakinku. Gida lafiya lau. Na ga hoton takardar gwajin da kika turo ta wayar ƙaninki, na kuma ji ƙorafinki cewa malamin ya zalunce ki. Na sa tabarau na duba sau biyu. Bai zalunce ki ba. Sai dai kuskurenki irin na masu ƙoƙari ne, kuma ni ma na yi shi a gaban allo, ɗalibai na kallo, a shekarata ta farko ta koyarwa.

An ce ki daidaita ikweshan ɗin haɗuwar famanganet (MnO₄⁻) da haidurojin farokzayid (H₂O₂) a cikin asid. Ga abin da kika rubuta:

2MnO₄⁻ + 7H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 6O₂ + 10H₂O

Kin ƙirga atam na oksijin, 22 hagu, 22 dama. Haidurojin 20 da 20. Caji ma ya daidaita. Shi ya sa kika kafe. To, cire 7 ki sa 3, ki mai da O₂ ya zama 4, ruwa ya zama 6, ki sake ƙirgawa. Shi ma ya daidaita! Sa 9, ki gyara sauran, zai daidaita. Idan amsoshi barkatai suka tsallake awo ɗaya, ai mudun ne bai isa ba. Dalili kuwa, H₂O₂ yana rushewa da kansa, 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂, kuma wannan ikweshan daidaitacce ne shi kaɗai. Duk yawan da kika ɗora shi a kan amsar gaskiya, ƙirgen atam ba zai tona miki asiri ba. Bakwai ɗinki biyar ce da aka yi wa goyon biyu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kafin ki taɓa ko lamba ɗaya, tsaya ki tambayi kanki ina oksijin ɗin farokzayid zai nufa. Lambar oksideshan ɗinsa, wato cajin da ake lissafa masa wajen rabon elektiron, a nan −1 ce, saboda atam biyun suna riƙe da juna. A ruwa −2 ce, a iskar O₂ sifili. Yana tsaka-tsaki ke nan, kamar dillali a kara: in ya gamu da wanda ya fi shi ƙwaɗayin elektiron sai ya sayar, in ya gamu da mai neman rabuwa da nasa sai ya saya. Don haka rabin ikweshan biyu kawai za ki haddace a cikin asid. In ya bayar:

H₂O₂ → O₂ + 2H⁺ + 2e⁻

In ya karɓa:

H₂O₂ + 2H⁺ + 2e⁻ → 2H₂O

Famanganet ya fi shi ƙwaɗayi nesa ba kusa ba. Manganis yana saukowa daga +7 zuwa +2, elektiron biyar ke nan: MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O. Wannan yana neman biyar, wancan yana ba da biyu, sai su haɗu a goma. Ninka na manganis sau biyu, na farokzayid sau biyar, ki soke H⁺ goma da suka bayyana a ɓangarorin biyu:

2MnO₄⁻ + 5H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 5O₂ + 8H₂O

Dubi lambobin da kyau: H₂O₂ biyar, O₂ biyar. Duk iskar daga farokzayid ta fito, oksijin takwas na famanganet kuwa ruwa suka zama. Ba shaci-faɗi ba ne. A 1952 Henry Taube, wanda ya ci kyautar Nobel a 1983, shi da abokin aikinsa sun bi sawun atam ɗin da oksijin mai nauyi, wato ¹⁸O, suka tabbatar da haka.

Kada ki ce ai maki biyu ne kawai. Ranar da aka tsayar da ke gaban buret, wato bututun awon nan na gilashi, kina ɗiga famanganet mai launin shunayya cikin farokzayid, kowane ɗigo yana ɓacewa da zarar ya faɗa kwalbar, har ki kai wanda ya bar ruwan hoda mai haske da bai gushe ba, da biyar bisa biyu za ki yi lissafi. In kika yi da bakwai bisa biyu, kwalbar da ke da farokzayid kashi 3 cikin ɗari za ki rubuta mata 4.2. Kuma da H₂SO₄ ake zuba asid ɗin, dangin ruwan batir, ban da HCl, don famanganet zai juya ya ci kuloraid ɗin ya lalata miki ƙirge.

Ɗaya fuskar ba ta da wahala. Da ayodaid, farokzayid ne mai karɓa: H₂O₂ + 2I⁻ + 2H⁺ → I₂ + 2H₂O. Ruwan ya koma ruwan ƙasa, in kin ɗiga sitaci ya yi shuɗi mai duhu kamar baba. Babu O₂ a dama. In kika ga kin rubuta O₂ a inda farokzayid yake karɓa, koma baya, kin ɓata hanya. Wanda na fi so cikinsu shi ne PbS + 4H₂O₂ → PbSO₄ + 4H₂O. Salfa ta hau daga −2 zuwa +6, elektiron takwas, kowane H₂O₂ ya ɗauki biyu, ga huɗunki nan. Da wannan ake maido da farin fentin dalma da ya yi baƙi a tsofaffin zane-zane. Bafaranshen da ya gano H₂O₂ a 1818, Louis Jacques Thénard, daga BaO₂ ya samo shi. Af, BaO₂ da Na₂O₂ farokzayid ne na gaskiya, amma MnO₂ da PbO₂ ba su ba ne, oksijin ɗinsu −2 ne. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tarko ƙwarai.

In an ce miki a cikin alkali ne, kada H⁺ ya kwana a amsarki. Rabin karɓa ya koma H₂O₂ + 2e⁻ → 2OH⁻. Gwada da Cr(OH)₃ zuwa CrO₄²⁻ ki turo mini. Ba zan ba ki amsar ba, illa dai kuromiyam yana hawa mataki uku.

Kin tuna ranar da kuka zo hutu kina aji biyu, na yanki ɗan guntun ɗanyar hanta daga cefanen Hajiyarku na jefa a kofin shayi, na tsiyaya ruwan wankin ciwo na kwalbar nan mai duhu, wato farokzayid? Kumfa ta taso har ta zubo kan tabarma. Na hura wutar tsinken tsintsiya ta mutu, saura jan garwashi, na kai bakin kofin, sai ga shi ya sake kamawa fau. Kika yi tsalle, Hajiya kuma ta bi mu da faɗa kan kofinta. Wancan shi ne rushewar da kika goya wa amsarki. Katalas, wani sinadari da ke cikin hanta, shi ne ya hanzarta ta, kuma a cikinta farokzayid ɗaya yana bayarwa, ɗan'uwansa yana karɓa. Haske ma yana hanzarta ta, shi ya sa kwalbar take da duhu.

Gobe ki je wurin malamin, ki gaishe shi da ladabi, ki nuna masa gyaran da hannunki. Ba sai kin ce daga gida aka gaya miki ba. In kika yi masa maganar uku da tara ɗin nan, ina jin zai ji daɗi.

Na sa miki ɗan abin cefane a asusunki jiya, ki duba. Hajiya ta ce yajin da garin kunun suna nan, direban ranar Asabar zai taho da su, ki bar wayarki a kunne. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki