Wasiƙa zuwa ga ɗana mai koyon aikin lantarki a Yamai

Daga Tawa.

Assalamu alaikum, ɗana. Da fatan kana lafiya, kai da maigidanka. Innarka tana gaishe ka.

Ka ce ka auna ƙwan fitila mai wat 60 ka samu om 57 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya), alhali lissafi ya ba ka wajen om 807, har kana zargin mitarka. Mitar lafiyarta ƙalau, lissafin ma daidai ne: ƙarfin wutar gida, wato bolt 220, sau 220, a raba da wat 60. Zafi ne ba ka sa a lissafi ba.

Siririyar wayar da ke cikin ƙwan ta tangistan ce, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3422 a ma'aunin Celsius. In tana ci takan kai wajen 2500. Ƙarfe kuwa in ya ɗau zafi, ƙwayoyinsa karkarwa suke yi sosai, su riƙa tare wa wuta hanya, sai turjiya ta hau har ta ninka ta sanyi kusan sau 14. Mita a sanyi ta auna, lissafinka kuma na ƙwai mai ci ne.

Ka lura da abin da wannan ke haifarwa. Da an danna makunni, kusan amfa 4 ke kutsawa (amfa ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), kafin ƙiftawar ido ta sauko wajen rubu'in amfa. Shi ya sa ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa. Wayar tana ƙarewa a hankali, baƙin da kake gani jikin gilashi ita ce. Inda ta fi sirancewa nan turjiya ta fi yawa, nan zafi ke taruwa, nan take tsinkewa. In janareta ya ɗaga wuta da kashi 5 cikin ɗari kacal, kwanan ƙwan na raguwa kusan rabi.

Kada ka yar da irin ƙwan nan don an koma LED, ƙwan fitila na zamani. In za ka gwada rediyo ko talabijin da ka gyara, ka haɗa ƙwai mai wat 100 a jere da shi, kan waya mai wuta. In ya haska ya dushe, aiki ya yi. In ya tsaya da haske sosai, wayoyi sun haɗe a ciki, kuma ƙwan ya tare wutar kafin ta yi ɓarna. LED ba ya wannan aikin.

Don Allah, kada ka taɓa auna om sai ka zare abin daga wuta.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka.