Gaisuwar Babbar Sallah daga Hamburg

Assalamu alaikum Baba,

Barkanku da Sallah, da fatan an yi Idi lafiya. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. A gaishe min da Inna da Goggo da yaran gida baki ɗaya.

Kun tambayi dalilin da ya sa kuɗin rago ya zo gida maimakon a yi layyar a nan. A Jamus dokar kare dabbobi ta hana yanka sai an fara sumar da dabbar. Mai son yanka ba tare da haka ba sai ya nemi izini na musamman, kuma da ƙyar ake bayarwa. Ba a kayar da rago a ƙofar gida. Mutum kan ba da suna wurin mahauci tun da sauran makonni, a yanka a mayanka, likitan dabbobi ya duba ya buga hatimi, sannan a miƙo naman a leda, wani lokaci sai washegari. Mahautan Musulmi na nan galibinsu Turkawa ne, jikokin ma'aikatan da aka fara kawowa bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta yi da Turkiyya a 1961. Sallah ba ranar hutun ƙasa ba ce, sai dai Hamburg ta yi yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi a 2012, don haka ɗalibi da ma'aikaci kan iya neman a ɗaga musu. Garin nan ne fa mahaifar Heinrich Barth, Baturen matafiyin nan da ake kira Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851.

Sai maganar Auta da ke son zuwa Jamus neman aiki. Jamus ƙasar Volkswagen da Mercedes ce, tsofaffi sun yi yawa, ana kuma neman masu jinya da masu aikin lantarki da na famfo ruwa a jallo. Amma takarda ce ke magana. Hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce koyon sana'a na shekara biyu zuwa uku da rabi, wasu ranaku a wurin aiki, wasu a makaranta, ana biyansa. Ya fara da Jamusanci har matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya harshen, ya yi jarrabawar a cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas, ya sami kamfanin da zai sa hannu a kwantiragi, sannan ya nemi biza. Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi. A wasu sana'o'in albashin shekarar farko bai kai Yuro 1,000 a wata ba, haya a Hamburg kuwa tana iya cinye rabi, ga kuɗin ajiya na mai gida da kan kai hayar wata uku. In ya iso, dole ya yi rajistar adireshi cikin mako biyu, inshorar lafiya ma tilas ce.

Don Allah Baba ku ja masa kunne kan masu yi masa romon baka da hanyar Libiya. Galibin 'yan Najeriya da suka nemi mafaka a nan ba a ba su.

Inna ta ajiye min soyayyen nama. A huta lafiya.

Ɗanku na Hamburg