Godiya ga shagon da ya haɗa mana bajo mai jin murya

Assalamu alaikum.

Mu ne kwamitin da ya shirya taron tsaron intanet da aka yi ta bidiyo daga nan Legas. Mun rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin yi wa Malam Injiniya da yaran shagonsa da ke Computer Village a Ikeja godiya, kan bajo 24 da suka haɗa mana muka raba wa masu gabatar da jawabi. Bajo ne da ake maƙalawa a ƙirji, fitilunsa na tashi idan mutum ya ɗaga murya, su kwanta idan ya yi shiru.

Tun ranar farko Malam ya gane inda gizo ke saƙa. Mutanen da za a ba kyautar nan sana'arsu ke nan zargin na'ura, ba kuwa wanda zai rataya makirfo a ƙirjinsa bai san inda muryarsa ke zuwa ba. Mun je da niyyar a sa ESP32 ya zama ƙwaƙwalwar bajon, wato ɗan guntun da ke sarrafa shi, ya ce a'a, wannan yana da Wi-Fi da Bluetooth. Ya zaɓi ATtiny85, wanda ba shi da rediyo ko kaɗan, ma'ajiyar aikinsa kuma bayit 512 ce kacal, ba ta isa ta riƙe ko sallama ɗaya ba. Kowane ƙwan fitila bayit 3 yake ci, goma sha biyun da ke kan bajo sun tashi 36, saura ya wadatar. Ya kuma buga zanen haɗin a takarda ya sa cikin kowane kwali, mai shakka ya kwance ya duba da idonsa.

Kowane bajo na ɗauke da zoben ƙwayayen fitila samfurin WS2812B guda 12, makirfo MAX9814, batir mai volt 3.7 da ƙarfin 500 mAh, da allon caji TP4056. Lissafin wutar shi ya fi burge mu. Ƙwai ɗaya idan ya cika fari tas yakan ja wutar kusan miliamfiya (mA) 60, wato zoben duka 720, batirin ba zai kai awa ɗaya ba. Sai suka ƙayyade hasken a 40 cikin 255, abin ya koma wajen awa huɗu. Riba biyu ke nan, domin haske mai yawa yana ruɗa kyamarar kwamfuta, ta rage buɗewa, fuskar mai magana ta yi duhu. Sun ƙara da murfin roba mai ruwan madara, kaurin milimita 3, don hasken ya bazu.

Allon TP4056 yana zuwa daga kasuwa a saite kan amfiya ɗaya, wato 1000 mA, wanda ya yi wa ƙaramin batir yawa, shi ke sa ya yi zafi ya kumbura. Yaran shagon sun zauna sun cire resistar da ke ƙayyade ƙarfin caji, mai 1.2k, daga alluna 24 ɗaya bayan ɗaya, suka liƙa mai 4.7k da dalma, caji ya sauko wajen 250 mA. Aiki ne da ba wanda zai gani, ba mu kuma tambaya ba.

Sai matsalar Ikko kanta. Samfurin farko ya ƙi mutuwa ko da kowa ya yi tsit. MAX9814 yana ƙara wa kansa ji idan wuri ya yi shiru, sai ya kamo rurin janareto da fanka da hon ɗin danfo ya ɗauka magana ce. Sun haɗa ƙafar ƙarfin ji da layin wuta, ya sauka daga desibel 60 zuwa 40, suka kuma rubuta umarnin da ke sa na'urar ta saurari ɗaki na daƙiƙa biyu idan an kunna ta, ta mai da hayaniyar da ta tarar sifili. Saboda haka a yi shiru lokacin kunnawa, wanda ya kunna yana waya zai ga bajonsa ya kurumce. Wata rawar hasken kuma daga fitilun kansu take, suna girgiza wutar da makirfo ke sha. Kapasita 1000 µF a bakin zoben, ƙarama mai 100 nF dab da makirfo, da resista 330 a layin umarni suka kashe ta.

Maƙalar ma an yi tunani. Maganaɗisu suka sa maimakon fil, kada a huda wa mutane shadda, tare da gargaɗi a rubuce cewa mai na'urar bugun zuciya kada ya sa shi a ƙirji.

Bajo biyu sun ƙi aiki a gwajin ƙarshe. Ƙwan farko ya ƙone a kowannensu, kuma a irin wannan jeri umarni daga ƙwai zuwa ƙwai yake bi, idan na gaba ya mutu na baya duk sun tafi. An sauya su a ranar, ba a ƙara mana ko kwabo ba.

Malam Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya buɗa kasuwa, ya sa yaran su gaje ka.

Wassalam,
Kwamitin shirya taro, Agege, Legas