Kada a Auna Waya Mai Araha da Daɗin Makon Farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu sayen wayar Android mai sauƙin kuɗi, musamman waɗanda yanzu ne za su ajiye ƙaramar waya mai madannai su koma ta shafawa. Mu masu gyaran waya ne, kuma abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda jama'a ke yanke wa waya hukunci da daɗin makon farko. Kowace waya, komai araharta, gudu take yi ranar da aka ciro ta daga kwali, saboda babu komai a cikinta. Halinta na gaskiya sai wajen wata na uku yake bayyana, bayan WhatsApp ya tara bidiyo, an sauke manhajoji ashirin, zafin bazara kuma ya gasa batir. To amma mai saye zai iya hango wannan hali tun yana tsaye a bakin shago, a Farm Centre ta Kano yake ko a wata kasuwar, muddin ya san inda zai duba.

Abu na farko shi ne RAM, domin a nan aka fi yi wa mutane rufa-ido. RAM kamar teburin mai shayi yake, ma'ajiyar waya kuma kamar kabad ɗin da yake zuba kaya a ciki: komai girman kabad, kofin da tebur ya iya ɗauka shi kaɗai za a haɗa wa shayi a lokaci guda. Yanzu za ka ga kwali an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Ma'anarsa RAM na ainihi giga 4 ne, sauran huɗun an aro su ne daga ma'ajiya. Ma'ajiyar wayoyi masu araha kuwa yawanci irin da ake kira eMMC ce, wadda saurinta bai kama ƙafar RAM ba ko kusa. Wannan aron yana ɗan taimakawa wajen hana manhaja rufewa idan an fita daga cikinta, amma ba ya ƙara wa waya gudu. Lambar farko ita ce abin dubawa. Idan 2 ce, wayar ta kira ce da WhatsApp da sauraron karatu, kuma galibi Android Go ke cikinta, wato sassauƙan tsarin da Google ya fito da shi a 2017 domin ƙananan wayoyi. Ba laifi ba ne, sai dai mai ita ya riƙa amfani da Facebook Lite da makamantansa. Idan 3 ce za a lallaɓa. Wanda zai riƙa tura kuɗi ta manhajar banki, yana kasuwanci a WhatsApp, yana leƙa TikTok, a ganinmu kada ya sauka ƙasa da 4 ta gaske, ko da zai ƙara haƙuri ya tara cikon kuɗin. Mun sha ganin abin da ke faruwa: mutum ya fita daga manhajar banki don ya kwafo lambar sirrin da aka turo masa ta saƙo, kafin ya dawo wayar ta rufe manhajar saboda ƙarancin RAM, sai an sake daga farko.

Ma'ajiya ma ba abin da aka rubuta ne ake samu ba. Wayar da aka ce 64GB ce, tsarinta da manhajojin da suka zo da ita sukan cinye sama da giga goma. Mai 32GB kuwa abin da ya rage mata ba ya zuwa ko'ina. Kuma irin wannan ma'ajiya idan ta kusa cika sai rubutu a cikinta ya yi nauyi, shi ne za ka ga waya tana sandarewa, a danna madannin rubutu sai ya yi jinkiri kafin ya fito. Da yawa daga wayoyin da ake kawowa da sunan "ta lalace" ba abin da ya same su illa cika. Maganin tun ranar farko ake yin sa: a shiga setin na WhatsApp, wajen ma'ajiya da data, a kashe saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye, ta data da ta Wi-Fi duka. Guruf ɗin dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai su ne manyan masu cika waya. A riƙa barin aƙalla giga biyar babu komai. Wanda zai ƙara katin memori ya yi hattara da na jabu, wanda zai nuna 64GB alhali cikinsa bai wuce takwas ba. Da zarar an wuce haƙiƙanin girmansa sai hotuna su fara ƙin buɗuwa. A gwada shi ta hanyar cika shi da manyan bidiyo, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a gani.

Kafin a miƙa kuɗi, akwai gwajin da bai fi minti goma ba. A danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar kowace waya, mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali. Idan sun saɓa, a ajiye wayar. A buɗe Play Store, a shiga setin, a ƙasa wajen bayani a duba ko an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect, wato amincewar Google, domin wasu manhajojin banki sukan ƙi aiki a wayar da ba ta da ita. A sa layin da aka saba amfani da shi a ga ko 4G ta hau, a ramin layi na ɗaya da na biyu. A kira wani a saurari sifika, shi ma ya faɗi ko yana jin muryarka sosai. Sannan a fita da wayar cikin rana. A cikin inuwar shago kowane sikirin kyau yake yi, amma ranar ƙasar nan ita ke tona asirin mai raunin haske, kuma ɗan acaba ko mai talla a cikin rana zai yi aiki da ita.

Akwai kuskure guda da ya fi duk waɗannan tsada, shi ne barin yaron shago ya buɗe wa mutum Gmail ya tafi bai rubuta adireshin da kalmar sirrin ba. Wayoyin Android suna da makulli na hana sata: idan aka goge waya gaba ɗaya, ba za ta buɗu ba sai an shigar da asusun Google ɗin da ke cikinta a da. Ranar da yaro ya yi wasa da waya ya canza makullin sikirin, ko mai ita ya manta zanen da ya sa, aka zo gogewa, sai a tarar mai waya ya zama baƙo a wayarsa. Lambobin mutane da ajiyar WhatsApp duk suna rataye da wannan asusun. Don Allah duk wanda aka buɗe wa, ya sa a rubuta masa a takarda, ya tabbatar lambar wayarsa ce aka sa ta dawo da asusu, ba ta mai shago ba, ya kuma canza kalmar sirrin idan ya isa gida. Iyayenmu da ba sa karatun boko su aka fi yi wa wannan, ya kamata 'ya'yansu su raka su.

Batir shi ne abin da waɗannan wayoyi suka fi burge mutane da shi, kuma gaskiya sun cancanci yabo. Yawancinsu 5000mAh ne, ga sikirin mai ɗigo 720 da ƙaramin inji da ba sa shan wuta sosai, shi ya sa suke kai yini har da kwana. Sai dai cajar da ke zuwa a kwali sau da yawa mai wat 10 ce, cikawa kan ɗauki kusan awa uku. Sayen babbar caja ba ya rage wannan lokaci idan wayar ba a yi ta don caji mai sauri ba, iya abin da za ta iya ja shi za ta ja. Abin da ke kashe batir da wuri zafi ne. A jona caji ana kallon bidiyo, ko a tura waya ƙarƙashin matashi tana caji, ko a bar ta gaban gilashin mota da tsakar rana, duk suna rage masa kwana. Idan bayan waya ya fara ɗagowa, batir ya kumbura ke nan, a daina caji a kai a canza, kada a danne shi. Masu kai waya wajen 'yan caji su tafi da cajarsu da igiyarsu, saboda cajar jabu a kan wutar janareta mai hawa da sauka takan ƙona ɓangaren caji na fanel.

Kyamara ba za mu daɗe a kanta ba. Ramuka uku a baya ba kyamara uku ba ne, sau tari guda ce ke aiki. Wadda aka rubuta 50MP kan haɗa ɗigo huɗu ya zama ɗaya, hoton ya fito kusan 12MP. Da rana za ta yi kyau, da dare a ɗakin biki kada a sa rai.

Manhajojin da suka zo da waya, waɗanda ke turo tallace-tallace da labarai, a danne kowace a shiga bayaninta a kashe sanarwarta, wadda ta yarda a cire a cire. Kada a sauke masu cewa suna wanke waya ko ƙara mata gudu, su kansu nauyi ne. A haɗa da Wi-Fi a yi sabuntawar farko, domin tana iya cin data mai yawa.

Lokacin hunturu ƙura takan taru a bakin caji har kan igiya ya daina shiga sosai, mutum ya zaci wurin ya lalace. A kashe wayar, a sa tsinken sakace a hankali a zaro dattin. Ban da allura ko fil, ƙarfe yana lanƙwasa haƙoran ciki. A sa gilashin kariya da riga tun a shago, saboda garanti, wanda galibi shekara guda ne, ba ya ɗaukar fashewar sikirin ko shigar ruwa, kuma idan wani mai gyara ya riga ya kwance wayar, garantin yakan faɗi. Wannan muna faɗa ne duk da cewa gyara ne abincinmu: wayar da ke cikin garanti a fara kai ta ofishin kamfaninta. A karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar IMEI, a adana shi tare da kwalin. Wanda kuma zai sayi ta hannu ya nemi mai ita ya cire asusunsa na Google a gabansa, ya kuma tabbatar ba wayar bashi ba ce da ake biya kaɗan-kaɗan, domin irin waɗannan kamfani na iya kulle su daga nesa idan biya ya tsaya, ko a hannun wa suke.

Mun gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu gyaran waya,
Kano.