A Kyautata Tarbar Sababbin Marubuta a Wikipedia ta Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da 'yan'uwana da ke aikin sa-kai a Wikipedia ta Hausa, musamman waɗanda suka daɗe a cikinta, game da yadda muke karɓar wanda ya shigo mana a karo na farko.

Ga masu karatu da ba su san tsarin ba, Wikipedia kundin ilimi ne da aka buɗe a intanet ranar 15 ga Janairun 2001, kuma Gidauniyar Wikimedia da aka kafa a 2003 a Amurka ce ke kula da na'urorin da yake tafiya a kansu, amma ba ita ke rubuta muƙalun ba. Jama'a ne ke rubutawa ba tare da albashi ba, kowane harshe da mutanensa. Saboda haka sashen Hausa ba shi da wani jari da ya wuce hannun da ke masa rubutu, kuma duk mutumin da ya buɗe asusu yau ya gudu gobe, asara ce da babu mai biyan mu ita.

Ni malamin makaranta ne, kuma ba zan manta da rubutuna na farko ba. Na ɗauko tarihin garinmu daga wani littafi, na kwafe shi kalma da kalma, domin a tunanina hakan ne riƙon amana. Washegari na tarar an cire rubutun, amma a shafina na tattaunawa akwai saƙo daga wani edita da ban taɓa gani ba har yau. Ya fara da sallama, ya ce sannu da zuwa, ya yaba da batun da na zaɓa, sannan ya bayyana mini cewa duk abin da aka sa a kundin ana sakin sa ne a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da shi, don haka ba a iya zuba rubutun wani mutum a ciki ba da izininsa ba. Ya ce in karanta littafin, in rufe shi, in faɗi abin da na fahimta da kalmomina, sannan in ambaci littafin da lambar shafi a matsayin manazarta. Layi shida ne kacal, amma su ne dalilin da ya sa nake nan har yanzu. Da na ga an share ne kawai babu bayani, da na ɗauka wulaƙanci ne, na kama gabana.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Saƙon maraba da aka riga aka tsara, wanda ake liƙa wa kowa da kowa, mai ɗauke da jerin ƙa'idoji masu yawa da hanyoyin zuwa wasu shafuka, tabarma ce. Yana da amfani, ban ce a daina shi ba, sai dai mutumin da ke riƙe da ƙaramar waya, yana lissafin datar da ta rage masa, ba zai zauna ya karanta duk wannan ba. Abin da yake bukata shi ne mutum guda da zai ce masa: na ga aikinka, ga abu ɗaya da za ka gyara, idan ka rasa hanya ka tambaye ni. Akwai tsarin da aka riga aka ƙera wanda ke haɗa sabon edita da jagora tun ranar da ya yi rajista, amma ba ya aiki sai tsofaffin hannu sun rubuta sunayensu cewa sun yarda su zama jagorori, sun kuma riƙa amsa tambaya a kan lokaci.

A ganina abubuwa kaɗan ne ya kamata a koya wa baƙo a makonsa na farko. Ya san cewa babu abin da zai lalata har abada, domin kowace muƙala tana da tarihin gyare-gyarenta, kuma ana iya mayar da ita yadda take. Wannan kaɗai yana cire masa tsoro. Ya san cewa kundin ba fagen yabo ko zagi ba ne, ba a rubuta kirarin sarki ko na ɗan siyasa a matsayin bayani. Sannan ya koyi sa manazarta. A nan ne ya kamata mu daɗe tare da shi, domin a nan Bahaushe ya fi shan wahala. Da yawa daga abin da muka sani a bakin kakanni muka ji shi, ita kuwa Wikipedia tana neman abin da aka wallafa. Ba daidai ba ne a ce wa mutum "babu madogara" a juya baya. A nuna masa inda madogarar take: Gidan Arewa da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, kundayen bincike da ke jibge a sassan Hausa da na tarihi a Kano da Sakkwato da Zariya, tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da cibiyoyin bincike na Yamai ga 'yan'uwanmu na Nijar. Kwanan baya na zauna da wata malama abokiyar aikina, ta sa manazarta ta farko a wata muƙala ta hanyar wayarta, da ƙaramar lambar ta bayyana a ƙarshen jimlar, sai ta miƙo mini wayar tana cewa, "Malam, ashe shi ke nan?" Daga ranar ba ta sake neman na riƙe mata hannu a kan wannan ba.

Akwai kuma batun rubutun kansa. A nuna wa sabon shiga yadda zai samu haruffa masu lanƙwasa a wayarsa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin kofa da ƙofa ba ɗaya ba ne a idon ɗalibin da zai kwafi abin da muka rubuta. A kuma gaya masa tun da wuri cewa fassarar inji daftari ce kawai. Gasar rubutu da tarukan horaswa sun kawo mana matasa masu yawa, ina kuma jinjina wa masu shirya su, amma duk lokacin da aka ɗora kyauta a kan yawan muƙala kaɗai, an koya wa yaro ya zuba Turanci cikin inji ya kwashe abin da ya fito ba tare da ya karanta ba. Laifin ba nasa ba ne, abin da aka auna shi da shi ya kawo. Gara ya yi wata guda yana gyara muƙala uku da mahaifiyarsa za ta ji ta gane, a ba shi kyautar a kan haka.

Roƙona ga kowane edita da ya shekara yana wannan aiki shi ne ya duba jerin sababbin gyare-gyare sau ɗaya a mako, ya zaɓi suna ɗaya da bai sani ba, ya rubuta masa saƙo da hannunsa. Masu shirya taron horaswa kuma su raba mahalarta ga jagorori kafin a tashi, sannan bayan mako biyu a neme su a ji inda suka tsaya.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Zariya.